La'asar ɗin Faransa da Ƙofar Kakana

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, aka zaɓe mu mu shida muka tafi Faransa wani kwas na wata ɗaya. A watan ne kuma wa'adin gidanmu na unguwar Utaibiyya a Makka ya cika. Tun kafin tafiyata an shafa wa bangonmu jan fenti, alamar za a rushe layin gaba ɗaya, mu kuma mun samu ɗakuna a hawa na uku a unguwar Ka'akiyya.

Ban damu da bango ba. Ƙofa ce damuwata. Kakana, wanda ya zo Makka a ƙafa ta Sudan, ya yi shekaru yana saukar da alhazai a gidan, kuma duk wanda zai koma sai ya rubuta sunansa da garinsu a bayan ƙofar zaure, da ajami. Wasu da tawada, wasu da tsinin ƙusa. Ban taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma a jikin katakon nan na fara karanta Katsina da Damagaram da Sakkwato, ina ɗage ƙafa don in kai na sama.

Ranar da za a kai mu yawon wuni ɗaya tsohuwar fadar sarakunan Faransa, yayana ya kira ni da safe.

"Ke, yau mota za ta yi zuwan ƙarshe, bayan la'asar. Ƙofar nan taki ba ta hawa benenmu, na gwada da igiya. Ki samo inda za a ajiye ta ki gaya min kafin la'asar. In ban ji ki ba, halas, shi ke nan, na bar ta."

"Yaya, ƙofar kakanka ce fa kai ma."

"Na sani, malamar tarihi. Amma ba a kaina zan ɗora ta ba."

A cikin jirgin ƙasa na aika wa gwaggona saƙon murya, ina roƙon ta ba ni gefe a saman rufin gidanta. Sai na duba jadawalin salla a wayata. La'asar sai wajen shida. Na ce ashe ma ina da wuni guda. Na kashe ƙarar waya, na jefa ta jaka, na ɗauko kyamarar ƙawata.

Mu mutanen Makka da salla muke auna rana. Ba mu cewa ƙarfe kaza, sai dai bayan azahar, kafin magariba. Ban taɓa zama a garin da la'asar ɗinsa ta bambanta da ta gida ba, don haka ko kaɗan bai zo min a rai ba cewa wayar la'asar ɗin Faransa take nuna min, inda rana ke jan ƙafa a lokacin zafi.

Fadar kuwa ta tafi da hankalina. Wani dogon zaure ne cike da madubai, hasken taga na faɗawa cikinsu yana dawowa, fitilun ƙarau na reto a sama. Mai yi mana bayani ta nuna mana gadon sarki a bayan shinge, da labulensa, da kujerar da ba a yarda kowa ya taɓa ba. Ta ce akwai mutanen da aikinsu kawai share ƙurar kayan nan da ɗan buroshi mai laushi. Har na rubuta baiti biyu a bayan tikitina, a kan yadda mutum ke wucewa ya bar kayansa suna jiran sa. Ni da baitina ke nan, a daidai lokacin da ake kiran la'asar a Makka.

Sai da muka fita lambu, wajen ƙarfe huɗu, na zauna kusa da wani tafki na ciro waya. Kira bayan kira, daga yayana, daga mahaifiyata. Da saƙon gwaggo tun kafin azahar: "Kawo ta mana, 'yata, rufin nan me yake yi?"

Na buga waya nan take, mahaifiyata ce ta ɗauka.

"Ummi, ku ce wa Yaya gwaggo ta yarda! Ai la'asar ba ta yi ba."

Ta ce, "Wace la'asar, ya binti? Mu mun yi salla tun ɗazu. Yayanki ya tsayar da mai mota har mutumin ya fara faɗa. Mun miƙa makulli, an ja shinge a bakin layin."

Na yi kuka a gaban ruwan da ke tsiri sama, masu yawon buɗe ido na kewaye ni suna ɗaukar hoto. Washegari da sassafe yayana ya koma ya roƙi mai gadi ya bar shi ya shiga. Ya tarar da zauren baki buɗe. Masu kwasar katako sun riga shi. Ya bi wuraren da ake sayar da tsofaffin ƙofofi har kwana uku, bai gan ta ba. Bai taɓa yi min gori ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi.

Na dawo da hotunan gadon sarkin Faransa sun fi talatin. Bayan ƙofarmu kuwa ba ni da ko ɗaya, domin ban taɓa tunanin abin da nake wucewa kullum yana bukatar hoto ba.

Mutane kan ce min katako ne kawai. Na sani. Amma mutanen nan sun ratsa sahara, wasunsu ba su kai gida ba, kuma ina jin babu wani wuri a duniya da sunayensu suka rage sai nan. Na sayi littafi na zauna in rubuta waɗanda na tuna. Tara na samu. Mahaifiyata ta duba ta ce biyu daga ciki na haɗa sunan wani da garin wani.

Har yau, in aka kira la'asar ina saman benenmu na Ka'akiyya, nakan buɗe littafin in gwada. Bara bakwai nake da tabbaci a kansu. Bana na tsaya a kan na biyar, na kasa tuna ko Katsina ya rubuta ko Kano.