Yadda Na Bi Sawu Na Ɓatar da San Luba

Ni dai tun ina yaro ba a taɓa ba ni labari na bar mai bayarwa ya kai ƙarshe lafiya ba. Kakata ta wajen uba, Kaka Ige, Allah ya jiƙanta, ita ta fi kowa shan wahalata. A Nasarawa Burkullu muka tashi, gida guda, jikoki sun fi kajin gidan yawa. In an gama girbi, an ci tuwo, an yi sallar isha, sai ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura karan dawa biyu uku a wuta, ta binne gyaɗa cikin toka. Wannan gyaɗar ita ce dogarinta. Wanda ya yi surutu ba ya samu. In na ce muku na ci gyaɗar Kaka sau biyar a duk yarintata, to na ƙara biyu don kada ku ji tausayina.

Mijina take ce mini, irin wasan kaka da jika, amma kullum da ƙari a bayansa. "Mijina mai baki kamar kassuwar Gummi, zamna nan inda sandata ka kaiwa."

In za ta fara, sai ta buga sandar a ƙasa ta ce, "Ga baƙuwa bakin zaure." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo da kayanta." Baƙuwar ita ce tatsuniyar daren. Akwai guda da ta fi kowace ba ni haushi, kuma ita Kaka ta fi son kawowa.

Wai an yi wani mutum ana ce masa Na-Burtali, don kullum a burtali ake samunsa, hanyar da shanu ke bi su shiga gari ranar kasuwa. Ba makiyayi ba ne, ko akuya bai taɓa ɗaurewa ba. Amma Allah ya ba shi karanta sawu. In garke ya wuce sai ya fito ya duƙa a rairayi ya fara: wannan gurguwa ce, wannan tsoho ne yana jan ƙafa, wannan ciki gare ta, wannan maraƙi ne mai rawar kai. Kuma gaskiya yake faɗa. Fulani da kansu sukan tsaya su riƙe baki.

Matarsa ta shekara bakwai tana kaɗi da saƙar faifai har ta tara abin sayen sa. Ta danƙa masa, ta ce ya shiga kara, inda ake cinikin shanu, ya duba da idonsa. Ya ce shi ya wuce shiga kara ana ture shi yana taka kashin shanu. Da sassafe ya tafi burtali. Sawu ɗari ya tarar, ya tace ya bar goma, ya tace ya bar uku. A cikin ukun akwai wani mai zurfi, in ji Kaka, wanda in yaro ya faɗa ciki sai an nemo igiya. Kofaton baya na hagu da 'yar tsaga. Na-Burtali ya ce wannan ƙiba ce, ƙasa ma ta shaida.

Ya tsaya bakin kara, ya ƙwala wa dillali kira a gaban jama'a, ya ce san nan mai tsaga a kofato ya saya, ko nawa ne. Dillali ya ce ba zai shigo ya gani ba? Ya ce ai ya riga ya gani. Aka sallama, ya biya. Da aka jawo masa sa, sai ga wani tsohon takarkari, haƙarƙarinsa a waje kamar an jingina tsani. Ashe buhun kanwa huɗu ya shigo da su gari, ga mai shi zaune a kai, mai shin kuma ƙato ne wanda ke cin tuwon mutum shida. An sauke kanwa, ƙato ya sauka, abin da ya rage shi ne san Na-Burtali.

Yara suna ta dariya, ni kuwa raina a ɓace. "To Kaka, mi ya hana shi leƙawa? Taki goma na hwa!"

"Tun sahe yana duƙe cikin rana," in ji ta. "In ya leƙa yanzu, a ce idonshi bai isa ba? Kai ma ba ka leƙawa."

"Wallahi ina leƙawa!"

"Awo, mun ji. Ka rasa gujjiyarka."

Gyaɗata ke nan ta tafi. Na kwanta ina cewa a raina ba a taɓa yin wawa irin Na-Burtali ba, kuma ba za a sake ba.

Shekara talatin da wani abu bayan nan, ina koyarwa a wata firamare a Anka, tumbi ya fito, furfura ta fara leƙowa, sai wani abokin aikina ya dawo daga kwas a Kaduna da sabon ciwo. Ya nuna mini a wayarsa: kasuwar hannun jari. Kowane kamfani da zanen farashinsa, layi yana hawa yana sauka, ga wasu 'yan sanduna kore da ja da suke kira kyandir. Kore farashi ya hau, ja ya faɗi. Ya ce aikin kawai shi ne ka bi zanen nan ɗaya bayan ɗaya, ka tace, ka ware 'yan kaɗan da suka cancanci kuɗinka. Ya haɗa ni da wani dillalin hannun jari a Kano, ya koma harkarsa. Shi ya warke a wata guda. Ni ne abin ya kama.

Jama'a, na sha wahala. Kamfanoni sun fi ɗari. Na fara cire na giya da na masu kuɗin ruwa, don ina so liman ya ci gaba da amsa gaisuwata. Na cire waɗanda layinsu ya kwanta kamar tabarma. Na cire waɗanda ke gangarowa kamar akuya ta zamo daga katanga. Duk wannan da netwok ɗin Anka na lokacin, wanda sai ka hau turmi ka ɗaga hannu sama kamar mai kiran shaho kafin rabin zane ya buɗe, ɗaya rabin kuma sai jibi. Zane na buɗewa caji ya mutu. Mai shagon caji ya gina ɗaki da kuɗina, ban ce ƙarya ba, sai dai ƙaramin ɗaki ne. Idona ya yi ja. Na kai ina duban miyar kuka ina ganin kyandir kore.

Wata uku ina gwaji ba tare da na sa ko sisi ba. In ce wannan zai hau, sai ya hau. In ce wannan ya gaji, sai ya faɗi. Ba kullum ba, amma ya isa ya kumbura mini kai har hulata ta matse.

Matata Luba kuwa sana'arta kiwo. Turke biyu gare ta a bayan ɗaki. Takan sayi maraƙi ta yi ta ɗura masa dusa da harawa, in Babbar Sallah ta matso a sayar. A shekarar ta sayar da wani sa da ta yi wata goma sha ɗaya tana yi wa hidimar da ni ban taɓa samu ba, kuma niyyarta ta cika turakun nan biyu da maruƙa. Na zauna na yi mata wa'azi. Na ce ta ba ni kuɗin san in kiwata mata su a kasuwar hannun jari, kiwon da ba dusa, ba kashi, ba ɓarawo, ba likitan dabbobi. Na ce maruƙa biyu take so? Huɗu zan kawo mata.

Ta ƙirgo kuɗin ta miƙo mini. "Malam, kamin a ɗaure harawa ina son maruƙana bisa turke."

"Kin samu."

Na koma kan turmi. Daga ɗari na bar goma, daga goma na bar uku: wani na siminti, wani na fulawa, da wani ƙaramin kamfani wanda layinsa ya miƙe tsaye kamar zai huda gilashin waya. Mako shida kore, kore, kore. Na siminti da na fulawa suna hawa ne a hankali kamar tsofaffi za su masallaci. Na ce me zan yi da tsofaffi?

Na nuna wa Luba. Ta goge hannu a zane, ta karɓi wayar ta juya ta sama da ƙasa.

"Mi su ka saidawa?"

"Su wa?"

"Kamhwanin naka. Na siminti na san siminti, na hulawa na san hulawa. Wanga hwa?"

Wallahi ban sani ba. Sunansa kawai na sani, shi ma da ƙyar nake furta shi. Dillalina ya taɓa cewa zai turo mini rahoton da kamfanin ke fitarwa duk shekara, na tambayi tsawonsa, ya ce shafuka da yawa, na ce datata ba ta gado ba ce. Na karɓe wayata na ce wa Luba, "Ke, zanen ya riga ya gaya mani komi." Na buga wa dillali na ce a zuba duka. Ya ce, "Malam, ba za ka duba ba?" Na ce na riga na gani.

Ku lura, da bakina na faɗa, kuma ko gezau ban ji ba.

Kwana huɗu yana hawa. Na sayo tsire na shigo gida ina tafiya kamar ɗan majalisa. Rana ta biyar ja. Ta shida ja. Mako ya zagayo, ja har na fara zaton wayar ce ta lalace, na kai wa mai gyara, ya ce lafiyarta lau, ni ne ba lafiya. Na ce wa dillali a sayar. Ya ce a sayar wa wa? Babu mai saye. Ya bayyana mini cewa wasu 'yan tsiraru ne suka yi ta saye da sayarwa a tsakaninsu har layi ya miƙe, da irinmu muka shigo sai suka sauke nasu suka tafi. Kamfanin kuma injinansa sun daɗe da yin shiru, yana nan rubuce a rahoton da na ƙi karɓa.

Ina tsaye kan turmi, waya a kunne, sai na ga ƙaton nan yana sauka daga kan takarkari. Na rantse har ƙamshin gyaɗar da aka hana ni na ji.

Abin da ya fi ci mini rai, tsofaffin nan biyu da na raina suka ci gaba da takawa a hankali har suka isa masallaci. Wato tacewar da na yi daidai ce. Wata uku na wahala bai tafi a banza ba, taki goman ƙarshe ne na ƙi yi.

Luba ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da na huta. Kullum da safe sai ta share turakun nan biyu tas, ta ajiye bokitin ruwa, ta leƙo ɗaki. "Malam, kawo wayar a ba sanka ruwa, rana ta yi." Aka ɗaure harawa, ta saya ta jibge bisa rumfa, daidai inda in na buɗe ƙofa ita zan fara gani. Maƙwabta suka fara tambayar wane irin sa ne za a kawo da har yanzu yana hanya.

Na sayar da babur ɗina. Abin da ya kawo, haɗe da ɗan guntun da na ƙwato daga kasuwar bayan an daɗe, maraƙi guda ya saya. Ranar sayensa na shiga kara da ƙafata, na taka abin da ake takawa. Na buɗe bakin maraƙin na duba haƙora, na ɗaga wutsiya, na latsa ciki, na zagaya shi sau bakwai, na tambayi uwarsa da ubansa. Dillalin shanu ya gaji ya ce, "Malam, saye za ka yi ko aurenshi kaka nema?"

Da ina yaro na ɗauka Kaka sawu take yi wa dariya. A'a. Sawu bai yi wa Na-Burtali ƙarya ba, nauyi ya wuce ta wurin, sai dai bai faɗi nauyin mene ne ba, kuma ba aikinsa ba ne ya faɗa. Har yau ina bin zanen nan, ba zan ɓoye muku ba, ciwon bai sake ni ba. Amma yanzu na san iyakarsa: ya rage mini ɗari zuwa uku. Daga nan sai in karɓi rahoto in karanta shafi shafi ina tsaki, in san me ake sayarwa da wanda ke saye. Abin haushin shi ne tun ina ɗan shekara takwas aka ba ni wannan karatun kyauta, na tsaya gardama, sai da na biya da san mutane.

Na ja maraƙin har gida a ƙasa, gumi har cikin takalmi, na ɗaure shi, na tsaya ina jiran a ce sannu. Luba ta fito ta buɗe bakinsa ita ma, ta shafa doronsa, ta zuba masa harawa. Sannan ta juya ta dubi ɗaya turken.

"Guda na gani, Malam," in ji ta. "Turke biyu gare ni."