Ungozomar da Aka Ara

Yayata ungozoma ce. Shekara goma sha tara ta yi tana karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin unguwarmu mai ɗaki uku da baranda. Ita ce babba a gidanmu, ni ce auta, tsakaninmu shekara goma sha huɗu, don haka ban taɓa saninta a abokiyar wasa ba. Na taso na ganta da faɗa, da yanke farce har ya kusa fitar da jini, da shafa mai a hannu safe da yamma kamar wata 'yar gayu. Ba ta sauke tukunya mai zafi, ba ta wankin bargo, in dai akwai wanda za ta sa. Mu kuwa muna ce mata malalaciya a bayan idonta. Da maganar ta kai kunnenta ko a jikinta, ta ce hannun nan ba nata ba ne ita kaɗai, na matan unguwa ne.

Gaskiya ta faɗa. Asibitin ba shi da na'urar hoton ciki, Yaya ce na'urar. Mace za ta kwanta a gadon nan mai yagaggiyar leda, Yaya ta goga tafukanta har su yi ɗumi, ta ɗora su a kan cikin, ta kau da kai ta kafa wa bango ido, wai kallo yana ruɗa hannu. Can sai ka ji ta ce ga kai nan, ga baya, ga ƙafar marar kunya tana shuri. In ɗa ya gicciye, sai ta ba matar rana a farkon wata na tara, ta juya shi da hannu daga waje, sannu sannu, tana lallashinsa da baki, tana tsayawa tana sauraren bugun zuciyarsa. Mata da yawa sun tsallake tiyata a haka, kuma babban asibitin da ake tiyatar tafiyar awa huɗu ne a kan hanya mai ramuka.

Ni kuwa, ƙanwar ungozoma guda, cikina uku suka zube kafin su kai wata biyar. Duk ukun ita ta gyara ni, ba ta yi kuka ba, ba ta bar ni na yi mai yawa ba. A na ukun ne, tana wanke hannu ta juya min baya, ta ce, "Auta, ranar da naki ya zauna, ni zan karɓe shi. Ba wata ba."

Bayan shekara mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku, duk suna makaranta, albashin kuma bai taɓa kai ƙarshen wata ba ko yana raye. Ana cikin haka aka liƙa sanarwa a allon asibiti cewa wata ƙasa tana neman masu kula da tsofaffi, ba su da isassun ma'aikata, za su ba da izinin aiki na shekara biyu. Yaya ta cike takardu ba ta gaya wa kowa ba sai da aka kira ta. Na yi fushi, ban ɓoye ba. Na ce mata su da suka rasa masu aiki sun zo sun ɗauka, mu da za mu rasa wa za mu je mu ɗauko? Ta ce in rage surutu, aro ne, shekara biyu kamar gobe ne. Ta kawo min 'ya'yanta da akwatunansu, ta tafi.

A can takardar ungozomancinta ba ta da amfani, ko ƙwayar magani ba a yarda ta miƙa wa mutum ba. Aikinta a gidan tsofaffi shi ne ta ɗaga su daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, ta yi musu wanka, ta canza zanen gado, mutum goma sha biyu kafin azahar. Akwai injin ɗaga mutum, amma guda ɗaya ne a kowane hawa na benen, sai an bi layi. Yaya ba ta iya ganin tsohuwa kwance cikin jiƙaƙƙen zane tana jiran inji, sai ta sa hannu ta cicciɓe ta. A waya dariya take ba ni. Ta ce aikin duk ɗaya ne da na jarirai, illa waɗannan sun fi nauyi kuma sun iya zagi. Akwai wata da ke kiranta da sunan 'yarta da ta daina zuwa dubiya, Yaya kuma tana amsawa.

Asibitinmu ma sai da ya nemo baƙuwar ungozoma daga wata ƙasar, da izinin shekara ɗaya. Doguwa muke ce mata. Ba ta jin yarenmu sosai, da hannu ake yawancin maganar, amma tana da kirki, kuma ita ma 'ya'ya biyu ta baro wajen uwarta. Wani lokaci in na gan ta a baranda tana kallon waya sai in rasa wa zan tausaya wa, ita ko mu.

A hannun Doguwa cikina na huɗu ya wuce wata biyar, ya wuce shida. Ban yarda na sayi ko hular jariri ba. A wata na bakwai ta duba ni, ta gicciya hannunta a iska don in gane yadda ɗan yake kwance, ta ce akwai lokaci, yana iya juyawa da kansa. Sati biyu bayan nan izininta ya ƙare, ba a sabunta ba, ta haɗa kayanta ta koma. Aka bar asibitin da ma'aikaciyar jinya ɗaya wadda ta iya allura da ɗaurin rauni, ta kuma gaya min gaskiya cewa juya ɗa ba aikinta ba ne.

Lokacin shekara biyun Yaya sun cika, ta nemi ƙari tana jiran amsa. Dokar kuwa ita ce duk wanda ya bar ƙasar kafin amsa ta fito, takardarsa ta mutu, ba komawa. Saboda haka na ja kunnen kowa a gida kada a gaya mata halin da nake ciki. Babbar 'yarta, mai bakin uwarta, ko kwana biyu ba ta yi ba ta fesa mata. Yaya ba ta kira ni ba, ba ta yi shawara da kowa ba. Ranar wata Talata da hantsi sai ga ta a ƙofar gida da jaka ɗaya, ta rame, tana yi min faɗa tun kafin ta cire takalmi.

Na ce, "Yaya, aikin fa? Makarantar yaran nan fa?"

Ta ce, "Tashi mu je in duba ki."

Ɗakinta na asibitin unguwa yana nan yadda ta bar shi, har ledar gadon. Na kwanta zuciyata fes, karon farko cikin wata takwas. Ta goga tafukanta, ta ɗora, ta juya ta dubi bango. Ta daɗe. Ta matsa gefen dama, ta dawo hagu, ta ɗaga hannun ta yarfa shi, ta sake gogawa. Na ji tana danna ni da gefen ƙaramin yatsa, sannan da wuyan hannu, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Daga nan ta sauke kai ta zuba wa cikin ido, tana nema da kallo.

"Auta," ta ce, muryarta can ƙasa, "ba na jin komai."

Sai a lokacin ta gaya min. Fiye da shekara ke nan babban yatsa da biyu na kusa da shi sun mutu mata a hannu biyun, ɗagawar nan ta danne jijiyar wuyan hannu. Ba ta kai ƙara ba, don ta ga waɗanda suka ce suna ciwo ba a sabunta musu takarda. Ta ci gaba da ɗagawa, tana cewa ai in ta dawo gida ta taɓa ciki za su farka. Da wannan tunanin ta hau jirgi.

Na roƙe ta ta gwada ko a hakan, na ce na yarda da hannunta ko da rabinsa ne. Ta ƙi. Ta ce ba za ta juya ɗan da ba ta jin inda wuyansa yake ba, ko na wace ce, balle nawa. Na yi kuka, na faɗa mata maganganun da har yau nake jin kunyarsu, na ce to me ya kawo ta. Ita ta nemo mota, ta jera min matasan kai a kujerar baya, ta yi ta yi wa direba faɗa a kan kowane rami har muka isa babban asibiti. Kwana goma sha shida muka yi a can, tana kwana a tabarma a gefen gadona. Ranar da za a shiga da ni ta biyo gadon har ƙofar ɗakin tiyata, wata ma'aikaciya da ba ta wuce sa'ar 'yarta ba ta tare ta, ta ce 'yan uwan marasa lafiya a nan suke tsayawa. Yaya ta ce to, ta tsaya.

Mace aka ciro, da ranta, tana tsala kuka. Da la'asar na farfaɗo sosai, na ga Yaya tsaye a bakin ɗan gadon jaririyar tana leƙe, hannuwanta a baya. Na ce wa ma'aikaciyar jinya ta ɗauko ta ta ba yayata, ita ya kamata ta fara riƙe ta. Matar ta naɗo ta a tawul ta miƙa. Yaya ta ja da baya. Ta duba hagu da dama, ta zauna a ƙasa daɓas a kan siminti, ta jingina da ƙafar gadona, ta miƙe ƙafafu ta haɗe su.

Ta ce, "Ɗora min ita a cinya, 'yar nan. Kar ki ba ni a hannu, yanzu ban san lokacin da nake sakin abu ba."