Taku Goma Sha Biyu na Baba

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Habibu na Fagge, malamin tarihi. Allah ya ji ƙansa. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau: na tashi ina kishin wani kango.

Yana saurayi aka tura shi kwas ƙasar Ayalan. Wani masunci ya tsallaka da shi wani ɗan tsibiri, ya nuna masa tsohuwar coci ta dutse da aka ce ta doshi shekara dubu. Ba rufi, ƙofarta sai an sunkuya, taga ɗaya ce siririya tana duban gabas, tumaki na kiwo a tsakanin kaburbura. Baba ya auna ta da ƙafa: taku goma sha biyu tsawo, bakwai faɗi. Da ya dawo ya auna zaurenmu, ya tarar daidai suke.

Shi ke nan muka shiga uku. Ya kai hoton cocin Sabon Gari aka sa masa gilashi, ya rataye shi a zaure. Ni da na zo na ɗaya a aji, takardar sakamakona a ƙarƙashin katifa ta ƙare. Duk baƙon da ya zo sai ya sha labarin coci, har liman bai tsira ba. Baba yakan ce abin da ya burge shi mutanen ne, sun daina ibada a wurin amma ko dutse ɗaya ba su ɗauke ba.

Yanzu mutanen nan nake kishi. 'Yata ta nuno mini cocin a waya, tana nan yadda ya bar ta, har da allon bayani. Mu kuwa shagunan atamfa sun taso daga kasuwar Kwari sun cinye layinmu. 'Yan'uwana duka sun sa hannu a sayar da gidan, saura ni. Da Baba na nan ba zai yi faɗa ba, hoton zai tsaya yana kallo, kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

Na roƙi yayana, Alhaji Sabo, a sayar da gidan a bar zauren.

"Kabiru, wa zai zo kallon zauren ƙasa?" in ji shi.

Jiya na tuɓe takalmi na auna zauren yadda Baba yake yi. Goma sha biyu cif. Ban taɓa sanin takuna ya kai nasa ba. Takardar sayar da gidan tana aljihuna, kuma ba zan sa hannu ba.