Farantin Sola a Adakar Inna

A gonar dabinon da nake aiki, kan hanyar Badar daga Madina, rana ce ke jawo ruwa. Kullum da sassafe ni ke goge farantan sola, su kuma su tayar da famfo. Ina gogewa raina na ɓaci, don ƙauyenmu ba a fi mu rana ba, amma ko wayar mahaifiyata ba mu da inda za mu cika. Sai ranar kasuwa ƙanena ke kai ta caji cikin gari. In wayar ta mutu kafin nan, ni da muryar Inna sai wani makon. Ga ta da hawan jini.

Da abin ya ishe ni, wata Juma'a na shiga Madina na sayi ƙaramin faranti da batirinsa, na roƙi wani ɗan garinmu da ya zo Umara ya kai mata. Na ce na huta.

Ina! Wata guda ya wuce, waya na nan a kashe. Ranar kasuwa na samu ƙanena a waya na hau shi da faɗa. Ya ce, "Yaya, ga ta nan, tambaye ta."

"Inna, ina abin da na aiko?"

"Yana adaka, ɗan nan. Na naɗe shi cikin likkafanina."

"Adaka kuma? Rana yake ci, Inna! Kan ɗaki ake ɗora shi."

"Abin da ya fito daga garin Ma'aiki zan bar wa tsuntsaye su yi wa kashi? Ka ji tsoron Allah."

Na ce mata a shagon wani ɗan Bangladash na saye shi, ko Harami bai taɓa gani ba. Ta yi dariya, ta ce ai ya shaƙi iskar garin. Na yi lallashi, na yi fushi, duk a banza. Inna in ta ce a'a, ko liman sai ya haƙura.

Ciwon ya kayar da ita ana saura kwanaki kasuwa, wayar kuwa a mace. Ban ji ta rasu ba sai bayan sadakar uku. Har yau in na tuna, nakan rasa wanda zan yi fushi da shi.

Da aka buɗe adaka za a ɗauko likkafani, aka tarar da farantin, ko ƙura babu. Ƙanena ya ɗora shi kan ɗakinta. Yanzu duk lokacin da na kira, wayar tana shiga. Nakan gaisa da kowa, sannan in tsaya jiran a ce min ga Inna.