Rukuɓun Bayan Ɗakin Iya

Har yau idan na ga mutum ya goya tankin feshi, sai zuciyata ta tafasa, ko a gonar wani ne. Dalilin yana gidanmu na Kusfa, a wani ɗan fili bayan ɗakin kakarmu Iya, wadda ta riƙe ni da yayana Lawal bayan rasuwar mahaifinmu.

Nan ne tsohon turken awakinta. Ƙasar ta sha taki, don haka da ruwan farko ya sauka sai rukuɓu ya fito, ba wanda ya shuka shi. Ga wanda bai san shi ba, ɗan'uwan alayyafo ne, sai dai ganyensa ƙanana ne, jikinsa siriri, kuma ba shi da ƙaya. Juji yake so, da kango, da gindin katanga. Iya na da doka biyu a kansa. Ba a tsinko na bakin kwata, kuma ba a tuge shi. Ganyen sama ake tsinka, a bar zangarniyar ta zubar da 'ya'yanta, baƙaƙe ƙanana kamar yashi. Da shi take mana kwaɗo da ƙuli-ƙuli a tsakiyar damina, lokacin da buhun dawa ya kusa ƙarewa.

Bayan isha'i sai mu zagaye murhu a rumfar girki, ruwa na zuba daga indararo. Iya ta tura itace, ta ce, "To ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ya yi asara." Tatsuniyoyinta da dariya suke zuwa, ban da guda ɗaya. Wannan kam fuska a ɗaure take ba da ita.

Wai Alayyafo da Rukuɓu uwa ɗaya uba ɗaya. Mai lambu ya ɗauki Alayyafo, ya yi masa shinge, yana ba shi ruwa safe da yamma. Rukuɓu kuwa ya watsar da shi kan juji. Sai aka yi wata shekara rijiyar lambu ta ƙafe, Alayyafo ya kwanta bai tashi ba. Da aka ɗan yi yayyafi, Rukuɓu ya rufe juji, gari duka aka yi ta tsinkarsa, har mai lambun da iyalinsa. Bai hana kowa ba. Kaka ta yi, rumbuna suka cika, sai mai lambu ya ɗauko fartanya ya ce wannan ƙazamin haki ya ɓata masa bayan gida.

Nan Iya kan nuna mu da muciya. "Rukuɓu bai yi kuka ba. Ya ce, 'Sare ni, Malam. Na bar 'ya'yana a ƙasa, kai ma yunwa ta bar nata a gidanka.'" Lawal yakan yi rantsuwa cewa da shi ne da ya fasa kan mai lambun. Ita kuma ta ce, "Allah ya sa, angona."

Shekaru suka tafi, na yi aure a Gyallesu, Lawal ya zama babban ma'aikaci, gida ya koma hannunsa. Wata damina ya ce abokan aikinsa za su zo sunan ɗan da aka haifa masa, ba zai yiwu su ga ciyawa a tsakar gida ba. Iya ta ce a bar mata bayan ɗakinta. Ya ce, "Haba Iya, yanzu wa ke cin ganyen juji? Sauro kawai yake tara mana." Ya sa aka feshe wurin, bayan kwana biyu aka malala siminti. Ko shawara bai yi da ni ba.

Damina ta zagayo Iya ta kwanta ciwo, abinci ya ƙi shiga. Abu ɗaya ta roƙa, kwaɗon rukuɓu. Lawal ya aika aka sayo alayyafo, aka yanka ƙanana wai ba za ta gane ba. Ta kai loma ɗaya, ta ture kwanon. "Angona, tsufa na yi, ban haukace ba."

Ni na fita nema. Na bi lungunan Kusfa har gindin ganuwa. Inda ba siminti, an yi feshi. Wanda na gani duk a bakin kwata yake, cikin baƙin ruwa, na miƙa hannu na janye, don na san dokarta. Sai rana ta uku na samu mai kyau a wani kango can bayan Wusasa. Na yi kwaɗon da hannuna na kawo, amma lokacin ko ruwa ba ta iya haɗiyewa. Ta dai shinshina, ta riƙe hannuna. Washegari ta rasu.

Abin da ya fi ƙona mini rai a zaman makoki ya faru. Daga cikin gida ina jiyo Lawal a zaure yana gaya wa baƙi yadda Iya ta raine mu da ganyen rukuɓu. Suna ta cewa Allah sarki. Wallahi da ba don idon mutane ba, da na fita da kwanon kwaɗon rukuɓun nan na dire masa a gaba.

Da ina yarinya na ɗauka haƙuri Iya ke koya mana. Yanzu na gane kashedi take yi, kuma ta san a gidan wa mai lambun zai girma. Ban yafe wa kaina ba ni ma, don na ji ana zuba simintin nan na yi shiru, wai kada a ce ƙanwa ta yi wa yayanta rashin kunya.

Bana simintin ya tsage daga gindin katanga, rukuɓu uku suka leƙo. Ina tsaye Lawal ya sunkuya zai tuge. Na ce, "Yaya, ka taɓa shi, ni da kai sai a lahira." Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da hannunsa aljihu. Ban tsinki ko ganye ɗaya ba. Jira nake su zubar da 'ya'ya tukuna.