Fitilar Tsakiya ta Malam Maliki Sigina

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Da hantsin Talata, 14 ga Oktoba, 2025, labari ya riske ni cewa Malam Maliki Ladan, wanda tsofaffin ma'aikatan reluwe suka sani da Maliki Sigina saboda aikinsa na ba jiragen ƙasa alamar hanya, ya rasu a gidansa da ke Maitumbi. Na ajiye alƙalami domin na gaji da rubuta ta'aziyyar tsarana. Daga baya na sake ɗauka, da na duba na ga babu wanda ya rage da zai rubuta taka, Maliki.

Malam Maliki, tarihi zai shaida, idan ya samu sukuni, cewa bayan ritayarka ka kafa hukumar jiragen ƙasa mai zaman kanta a kan tebur, a ɗakin da matarka Hajiya Hajjo ta tanada domin baƙi. Jiragenka ba su fi tsawon cokali ba. Duk wanda ya kira su kayan wasa, sai ka zuba masa shayi, ka yi masa lacca har shayin ya huce. Amma babu fanka ko rediyo a unguwarku da ba ta taɓa kwanciya a asibitinka ba, kuma ba ka taɓa korar kowa ba, har da ni.

Abu ɗaya ne ya gagare ka shekara huɗu: mararrabar nan inda layi ɗaya ke rabuwa uku. Ka sa ƙananan fitilu uku a allon da kake sarrafa jiragen, domin su nuna hanyar da aka buɗe. Ta hagu ta kama, ta dama ta kama. Ta tsakiya kuwa sai harsunan ƙarfe biyu na mararrabar sun miƙe tare kafin wuta ta isa gare ta, ga hannunka ya fara rawa, ɗigon dalma ba ya sauka inda ka nufa. Sau nawa na ba ka shawara, da dukan ilimina, ka haɗa wayar da maɓalli kawai, da an danna ta kama?

"Malam marubuci," ka ce, "wannan ai aikinku ne. A sigina, fitila ba ta faɗin abin da ka umarta, sai abin da ya faru a kan layi."

Ranar sadakar uku, 'yarka Fadila ta gaya mana cewa ka liƙe waya ta ƙarshe, rashin lafiya ce ta hana ka gwadawa. Muka shiga ɗakin da ita da Ndatsu, mai gyaran wutar unguwa. Fadila ta danna maɓallin tsakiya. Fitila ba ta kama ba. Ta sake dannawa, sannan ta juya fuskarta ga bango. Ni kuwa na fara harhaɗa jawabi a kan yadda ɗan Adam ke barin duniya da sauran aiki.

Ndatsu bai saurare ni ba. Ya duƙa a kan layin ya ce, "Baba, tsaya da surutu. Ƙarfen ne bai motsa ba, datti ya riƙe shi. Fitilan nan gaskiya yake faɗa." Ya sa tsinken ashana ya share. Harshen ya koma mazauninsa, ƙas, koriyar fitila ta kama. Jawabina ya mutu a bakina, abin da ka kasa gani a rayuwarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Hajjo da Fadila da sauran iyali. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi nawa. Kai kuma, Maliki, Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Amin.