Ranar da Kaka Ta Ɓoye Mu a Rumbu

Har yau in na ji warin dawar da ta daɗe a rumbu, sai gabana ya faɗi. Kai mai karatu wataƙila warin abinci za ka ji, warin rufin asiri. Ni kuwa duhu yake tuna mini, da ƙaiƙayi, da hannun ƙanena a cikin nawa.

Ƙauyenmu yana gindin dutse, can bayan Dabai. Babanmu soja ne, sai ya shekara ba mu sa shi a ido ba, don haka kakarmu, mahaifiyarsa, ita ke riƙe da gida. 'Yar firit ce, amma in ta ce a'a, an gama magana. Mamanmu ko ido ba ta iya haɗawa da ita, balle musu.

Wata shekara masu allurar rigakafin ƙyanda suka zo, mu muna Ribah wajen dangin Mama. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe ɗan maƙwabcinmu da aka yi wa allurar, ya kama jijjiga, idanunsa suka juye. A cinyar Kaka ya yi ta. Yaron ya warke sarai, yau ma yana da iyali, kuma duk sauran yaran unguwar ba abin da ya same su. Amma Kaka ba sauran yara ta riƙe ba, shi ta riƙe. Tun daga ranar ta yanke cewa allura ba za ta taɓa jikokinta ba.

Da masu allurar suka dawo bayan girbi, tun daga nesa ta ji ƙarar babur. Ta ciccibe mu ɗaya bayan ɗaya, ni da ƙanena, ta zura mu cikin rumbu, ta ce, "Wanda duk ya yi tari, ni da shi ne." Ta mayar da murfi.

Ina jin muryar mai unguwa da ya rako su, ina jin Kaka tana cewa ɗiyan sun tafi gona. Ƙanena ya yi tsit, ya ƙanƙame ni. Shi dama yaro ne mai jin magana. Ni ce mai rawar kai, kuma ƙaiƙayin dawa ya shiga mini hanci. Na danne, na danne, sai atishawa ta ƙwace.

Mai unguwa ya ce akwai yaro a rumbun nan, kunya ta hana Kaka ƙaryata shi a gaban baƙi. Ta zaro ni duk jikina ƙura, ta ce, "Ita ɗai ce." Aka tsira mini allura ina ihu. Ƙanena ko motsi bai yi ba, har babur ya tashi. Ranar shi aka ba ƙuli-ƙuli, ni aka ba ranƙwashi.

Hannuna ya yi tsami, na yi zazzaɓi, Kaka ta zauna a kaina tana jiran jijjiga, tana harar Mama kamar ita ta kira masu allurar. Jijjiga ba ta zo ba, na tashi na koma wasana.

Da bazara ƙyanda ta shigo. A wajenmu ba a kiran sunanta, baƙo ake cewa, kuma ba a kai mai ita asibiti, wai ba ta son allura. Gida-gida ta bi. Ni da ƙanena tabarma ɗaya muke kwana, ƙwarya ɗaya muke sha, amma ta tsallake ni ta kama shi. Idanunsa suka yi jajir, suka manne, yana kuka in haske ya taɓa su. Ina tuna Mama tsaye a ƙofar ɗaki da zane a hannu, tana son ta goya shi zuwa Zuru, tana duban Kaka. Sanda Kaka ta ce a tafi, an makara. Ya rayu, amma bai ƙara gani ba.

Kaka ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, ni ma ban iya tsanarta ba, don tsoro ne ya sa ta, kuma abin da ta gani gaskiya ne. Sai dai daga baya, duk sanda babur ya zo, ita ke fara fita da jikoki, tana riƙe su, fuskarta a juye.

Yanzu a Zuru nake zaune, kuma labarin tsoro ya daina jiran babur, ta waya yake shigowa. Kwanan baya na kai 'yata aka yi mata tata allurar. Na roƙi ma'aikaciyar asibitin ta faɗa mini gaskiya, ta ce zazzaɓi kan zo, jijjiga kuwa ba kasafai ba, in na ga alama in dawo da ita maza. Ban ji sanyi ba. Da jikin yarinyar ya yi zafi, sai na tsinci kaina ina leƙa idanunta kamar yadda Kaka ta yi mini, ina tambayar kaina ko ni na jawo mata.

Ƙanena, da yanzu yake wajena, yana zaune a tsakar gida yana saƙar igiya. Ya ji ina safa da marwa, ya ce in miƙo masa ita. Ya lalubi goshinta, ya daɗe da tafinsa a kai.

"Yaya, zauna mana," ya ce. "In ya ƙaru mu kai ta asibiti. Da ni na yi atishawar nan a rumbu, da yau na san kamanninta."